Ruwan PZT na kwalba: me yake yi wa mai son tatsar lantarki daga jijjiga, me kuma ya gagare shi

Kwalbar ba ta da wani kwarjini. Ruwa ne garau mai ɗan ratsin rawaya, a jikin takardarsa kuma lambobi uku a jere, galibi 110/52/48 ko kusa da haka. Na farko dalma ce, na biyu zirkoniyam, na uku titaniyam, sinadarai ukun da sunan PZT ya samo asali daga gare su. Wato an zuba dalma ta haura lissafi da kashi 10 cikin 100, don an san wani kasonta zai bi iska idan aka shiga wuta, sannan aka raba zirkoniyam da titaniyam 52 da 48. A ƙasan lambobin akwai nauyin abin da aka narkar, yawanci tsakanin kashi 10 da 25 cikin 100. Kamfanonin Japan irin su Mitsubishi Materials da Kojundo Chemical na cikin sanannun masu haɗa shi.

Aikinsa shi ne a shafa shi a kan faifan silikon, a gasa, ya zama siririyar shimfiɗar PZT mai kaurin maikiron ɗaya ko biyu (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). PZT yumɓun masana'antu ne da ke fitar da caji idan an matse shi ko an lanƙwasa shi, halin da 'yan'uwan nan biyu Jacques da Pierre Curie suka gano a jikin wasu duwatsu a 1880. Shi PZT ɗin masu bincike a Tokyo ne suka fara nazarinsa a farkon shekarun 1950, a 1954 kuma Bernard Jaffe da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙarfinsa ya fi tashi a daidai iyakar da tsarin kiristal ɗin ke sauyawa daga wani zuwa wani, kusa da 52/48. Asalin lambar da ke jikin kwalbar ke nan. Idan aka ɗora shimfiɗar a kan ɗan siririn harshen silikon, aka kafe gefe ɗaya, aka rataya nauyi a ɗaya gefen, duk jijjigar injin da aka manna shi a kai za ta riƙa lanƙwasa harshen, ana samun 'yar wutar da za ta riƙe ƙaramar na'urar aune-aune.

Hukuncin a taƙaice: kaya ne mai kyau, ya kuma cancanci a saye shi maimakon a dafa a ɗakin bincike. Amma kashi ɗaya cikin uku na aikin kawai yake ɗauke wa mutum, kuma haɗin 52/48 da aka fi sayarwa an tsara shi ne don na'urar da ake ba wuta ta motsa. Mai son motsi ya ba shi wuta yana da wani lissafin dabam.

Wahalar da ya ɗauke

Kafin ruwan kwalba ya yawaita, kowane ɗakin bincike da kansa yake dafa nasa. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Budd da Dey da Payne na Jami'ar Illinois, ta 1985. Ana narkar da asitet na dalma a cikin 2-metoksiyetanol, a tafasa har a kore ruwan da ke maƙale a jikin gishirin, sannan a zuba alkoksayid na zirkoniyam da na titaniyam, a ci gaba da dafawa na sa'o'i a ƙarƙashin busasshiyar iskar agon ko naitirojin. Alkoksayid ɗin nan biyu da sun shaƙi laima sai su dunƙule su zama farin gari. Na zirkoniyam kuma ana sayar da shi ne a narke, kashi 70 cikin 100 a furofanol, kuma tsohuwar kwalba ba lalle ta tsaya a kan wannan adadi ba. Wanda bai auna ba yana iya zaton 52/48 ya haɗa alhali ya kauce. Ga shi 2-metoksiyetanol guba ne ga jini da haihuwa, yana ratsa fata, shi ya sa haɗe-haɗen kasuwa da dama suka koma kan butanol.

Duk wannan ruwan kwalba ya share shi. Babbar fa'idarsa ita ce daidaito: kwalbar bana da ta baɗi su ba da kauri ɗaya a juyi ɗaya. Idan faifai ya lalace, an riga an rage mutum ɗaya a cikin waɗanda ake zargi.

Sharaɗin ajiya ne kawai ake yawan karyawa. A firiji ake ajiye shi, kuma idan an fito da shi sai an bar shi a rufe ya kai zafin ɗaki, awa ɗaya ko fiye, kafin a buɗe. Kwalba mai sanyi idan aka buɗe ta, laimar iska na taruwa a ciki, ruwan ya fara ɗaurewa a hankali. Ba a ganin alamar nan take. Bayan makonni sai a ga kaurin kowane shafi ya ƙaru, matata na toshewa da wuri. Gara a tsiyayi na aikin mako a ƙaramar kwalba, a bar uwar a rufe.

Yadda ake shafawa da gasawa

A ja ruwan da sirinji, a tura shi ta matatar robar PTFE mai ƙofa maikiron 0.2, a zubar da ɗigon farko, sannan a zuba a tsakiyar faifan yana tsaye har ya rufe mafi yawan fuskarsa. Faifai mai faɗin milimita 100 yana cin mililita 2 ko kusa da haka. A juya a hankali, juyi 500 a minti na daƙiƙa 5 don ruwan ya bazu, sai a tashi zuwa juyi 3000 na daƙiƙa 30. Ruwa mai nauyin kashi 15 yana barin shafi mai kaurin nanomita 60 zuwa 100 bayan gashi (nanomita dubu ne maikiron ɗaya). Ƙara gudun juyi ba ya rage kauri yadda ake zato: idan aka ninka gudun, kimanin kashi 30 cikin 100 ne ke raguwa.

Daga nan sai farantin zafi na farko, digiri 150 na ma'aunin Salshiyas, minti ɗaya zuwa uku, don ruwan narkarwa ya ƙafe. Sai na biyu, tsakanin digiri 350 da 450, minti biyu zuwa biyar. Wannan ita ce babbaka: a nan ragowar sinadaran kabon ke ƙonewa su fita, a bar shafi marar tsarin kiristal. Sai gashi na ainihi a tanderun gaggawa, wanda ake kira RTA, digiri 650 zuwa 700, minti ɗaya, cikin iskar oksijin, zafin na hawa da digiri gomomi a kowace daƙiƙa.

Ana iya tara shafi uku ko huɗu, kowanne da babbakarsa, kafin a kai gashi. Kada dai a wuce nanomita 250 zuwa 300 a gashi ɗaya. Shafin yana ƙanƙancewa idan yana bushewa, amma faifan da ke ƙarƙashinsa ya riƙe shi ta gefe, ta kauri kawai yake iya raguwa. Jan da ke taruwa a cikinsa idan ya fi ƙarfinsa sai ya tsage kamar busasshen taɓo. Akwai ruwan da aka sa wa polima irin PVP don shafi ɗaya ya kai nanomita ɗaruruwa ba tare da tsagewa ba, dabarar da Hiromitsu Kozuka ya yi suna a kanta. Yana rage lokaci sosai, sai dai polimar idan ba ta fita a hankali ba tana barin ƙananan kogo a ciki, shimfiɗa mai kogo kuma ba ta jure wuta mai ƙarfi.

Maikiron ɗaya na nufin shafi 12 zuwa 15. Da hannu, rabin yini ne a kan faifai ɗaya, kuma kowane shafi dama ce ga ƙura.

Farantin zafin nan na biyu shi ne wurin da aka fi raina, alhali a nan gizo ke saƙa. Lambar da ke jikin allon farantin da zafin da ke saman faifan ba abu ɗaya ba ne, tsakiya da gefe ma sukan bambanta da digiri goma ko ashirin a kan faranti mai arha. Bambanci irin wannan ya isa ya sauya alƙiblar kiristal daga tsakiyar faifai zuwa bakinsa. A ɗora faifan gwaji mai manne da ma'aunin zafi a auna wurare biyar kafin a taɓa kwalbar.

Filatinam

Abin da ke ƙarƙashi ba ya cikin kwalba, kuma shi ke yanke rabin hukunci. Tsarin da aka saba: silikon, sai oksayid ɗinsa nanomita 500 ko fiye, sai siririn abin mannewa nanomita 20 zuwa 30, sai filatinam nanomita 100 zuwa 150, wanda shi ne wayar ƙasa mai kwashe caji, wayar sama kuma sai bayan gashi ake ɗora ta a kan PZT.

Idan abin mannewar tsuran titaniyam ne, a digiri 700 yana bin tsakanin ƙwayoyin filatinam ya hau sama, ya haɗu da oksijin ya kumbura. Sakamakon ƙananan tuddai ne a fuskar filatinam, waɗanda ke huda shimfiɗar su haɗe wayar sama da ta ƙasa. Wanda ya iso saman kuma yana zama irin da ke sa kiristal ɗin PZT ya fuskanci alƙiblar da ake kira (111), ko ana so ko ba a so. Maganin shi ne a fara mayar da titaniyam ɗin oksayid a digiri 700 kafin a ɗora filatinam, filatinam ɗin kuma a ɗora shi faifan na da zafi don ya fito a cushe. Filatinam mai sako-sako yana barin dalma ta zurara ƙasa ta ci oksayid ɗin silikon, daga nan sai ƙuraje da ɓawo. Mai sayen faifan filatinam daga waje ya tambayi abu biyu: titaniyam ne ko oksayid ɗinsa a ƙasa, kuma a wane zafi aka ɗora filatinam. Kafin aiki kuma a gasa faifai ɗaya tsirara a digiri 700 a duba shi a madubin ƙara girma. Idan ya yi tuddai shi kaɗai, ba ruwan da zai gyara shi.

Alƙibla

Filatinam a kan silikon da alƙiblar (111) yake fitowa, PZT kuma yana son bin sawunsa. Amma ma'aunin da ya dami mai lanƙwasa harshe, wanda ake rubutawa e31,f, wato yawan cajin da shimfiɗa ke fitarwa idan ta miƙe, ya fi girma a alƙiblar (100). Ƙungiyar Paul Muralt a jami'ar EPFL ta Lozan a Suwizalan ta ba da rahoton kimanin −12 C/m² ga shimfiɗar (100) kusa da haɗin 53/47 a 2003, (111) kuma ta kasa haka a fili.

Don a juya alƙiblar sai an sa shafin iri: siririn PbTiO3 na nanomita 10 zuwa 20, ko siririn shafi mai yalwar dalma, ko LaNiO3 mai alƙiblar (100). Masu sayar da ruwan sukan sayar da ruwan iri dabam. A saye su tare. Wanda ya sayi babbar kwalba ya bar ƙaramar ya yi tsimin da zai ci masa kusan rabin ƙarfin na'ura.

A na'urar XRD mai hasken tagulla, wadda ke nuna tsarin kiristal a matsayin tsini a kusurwoyi dabam-dabam, (100) na fitowa kusa da kusurwar digiri 22, (110) kusa da 31, (111) kusa da 38, (200) kusa da 44 da rabi. Tsinin filatinam a 39.8 ƙato ne, yakan haɗiye na PZT (111) a kafaɗarsa, sai mutum ya yi murna cewa babu (111) alhali tana nan a ɓoye. Wani ɗan tsini kuma da ke fitowa kusa da 35.8 ba baƙon sinadari ba ne, inuwar filatinam ce daga hasken Kβ da matata ba ta gama tarewa ba. An sha ɓata mako ana neman asalinsa.

Abokin gaba na ainihi shi ne fairokulo, tsarin da ke fitowa idan dalma ta yi ƙaranci. Ba ya ba da caji ko kaɗan. A XRD yana bayyana a matsayin tudu mai faɗi kusa da digiri 29 zuwa 30, amma idan siriri ne a saman shimfiɗa XRD ba ta ganinsa. Madubin ilektiron ne ke tona shi: manyan ƙwayoyi masu kama da fure, tsakaninsu wani gari-gari mai laushi. Ko nanomita kaɗan ne, tun da a jere yake da PZT tsakanin wayoyi biyu, yana cinye kaso mai yawa na wutar da aka sa. Dalilin fitowarsa shi ne oksayid ɗin dalma na tashi daga sama lokacin gashi. Ana rufe shafin ƙarshe da siririn ruwan oksayid ɗin dalma kafin gashin ƙarshe, ko a yi amfani da ruwa mai ƙarin dalma a saman kowane rukuni. Idan aka zarce kuma, dalmar da ta yi saura na kwanciya tsakanin ƙwayoyi, wuta ta riƙa yoyo ta nan. Kashi 10 da ke jikin kwalba mafari ne, kowane tanderu da irin cin dalmarsa.

Aibin da kwalba ɗaya ba ta iya gyarawa

Kiristal yana fara tsirowa daga ƙasa, daga kan filatinam, ya hau sama. Ɓangaren titaniyam ya fi saurin kamawa, don haka ƙasan kowane rukuni na fitowa da yalwar titaniyam, samansa da yalwar zirkoniyam. A jimla 52/48 ne, amma siririn yanki ne kawai a tsakiya ke zaune a kan iyakar da ake nema. Florian Calame da Muralt sun nuna a 2007 cewa idan aka yi amfani da ruwa huɗu masu haɗi dabam-dabam, mai yawan zirkoniyam a ƙasa, mai yawan titaniyam a sama, sauyin na raguwa daga kusan kashi 12 sama da ƙasa zuwa kusan 2.5, e31,f kuma ya kai −17.7 C/m². Daga −12 zuwa kusan −18 ba ƙaramar tazara ba ce, musamman tun da wutar da ake tatsa tana tafiya ne da ninkin lambar a kanta.

Mai kwalba ɗaya yana da rabin magani: ya gasa kowane shafi shi kaɗai maimakon tara huɗu, sauyin ya zama gajere. Farashin haka shi ne faifan zai shiga digiri 700 sau goma sha huɗu maimakon sau huɗu, filatinam ɗin da dalmar duk za su ji a jikinsu.

Lissafin mai tatsar wuta

Nan ne ruwan 52/48 ke nuna iyakarsa. Ga na'urar da ake ba wuta ta motsa, e31,f kaɗai ake dubawa. Ga wadda ke tatsar wuta, ma'aunin shi ne e31,f ninki kansa, a raba da ƙarfin riƙe caji na kayan, wato εr. Haɗin 52/48 kuwa a daidai inda εr ya fi kumbura yake, 1000 zuwa 1500 a kan silikon.

A ɗauki e31,f na −12 da εr na 1200. Ninki 144 ne, a raba da 1200, a sami 0.12. A ɗauki naitirayid na alminiyam, AlN, wanda e31,f ɗinsa bai fi −1.05 ba, εr kuma kimanin 10.5. A sami 0.105. Kusan kunnen doki, duk da cewa a ido PZT ya ninka shi sau goma sha ɗaya.

Ƙarfin turin wutar ma abin dubawa ne. Shimfiɗa mai kaurin maikiron ɗaya da εr 1200 tana da nanofarad 10.6 a kowace murabba'in milimita. Idan harshen ya miƙe da kashi ɗaya cikin dubu goma, abin da ke fitowa kimanin bolt 0.11 ne. AlN mai kauri ɗaya a miƙewa ɗaya yana ba da fiye da bolt ɗaya. Gadar diyod huɗu da ke mayar da wutar ta zama mai tafiya hanya ɗaya tana cin kusan rabin bolt ko da na Schottky ne, saboda wutar na ratsa biyu a kowane zagaye. Ke nan na'urar PZT na iya yin lilo yini guda ba ta tura komai cikin ma'ajiya ba.

Akwai mafita, kuma kowacce na shafar abin da za a yi oda. Ana iya raba wayar sama gida-gida a haɗa su a jere, turin ya ninka. Ana iya barin filatinam na ƙasa gaba ɗaya, a shafa PZT a kan oksayid ɗin zirkoniyam, a zana wayoyi biyu masu shiga juna kamar haƙoran mataji a sama, tazarar maikiron kaɗan tsakaninsu ta zama ita ce kaurin da ke ba da turi. Haka masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka yi a 2005, suka sami maikirowat ɗaya a bolt 2.4, sai dai a jijjiga mai saurin kilohaz 13.9, wadda ta yi nisa da ta injinan yau da kullum da ke ƙasa da haz ɗari biyu. Ana iya kuma sauke εr ɗin kansa. Silikon ba ya ƙanƙancewa sosai idan yana hucewa, kimanin kashi 2.6 cikin miliyan a kowane digiri, PZT ya fi shi, don haka shimfiɗar na hucewa a jaye, yankunan cajinta su kwanta a kwance, εr ya tashi. A kan fallen nikel, wanda ke ƙanƙancewa da kimanin kashi 13 cikin miliyan, shimfiɗar na hucewa a matse, yankunan su miƙe tsaye, εr ya sauka zuwa ɗaruruwa. Ƙungiyar Susan Trolier-McKinstry a Jami'ar Penn State ta nuna hakan da shafin HfO2 da LaNiO3 tsakanin nikel da PZT, don kada nikel ɗin ya yi tsatsa a wutar gashi. Falle kuma yana jure lanƙwasar da za ta karya silikon.

Don haka mai gina matatsar wuta kada ya karɓi 52/48 don kawai ita ce a kan kanta. Ya nemi haɗi mai ƙarin titaniyam, kamar 40/60, wanda εr ɗinsa ya fi ƙasa, ya gwada shi gefe da gefe da na asali. Ya kuma tambayi mai ɗigon niyobiyam ko manganis, kashi 1 zuwa 2. Niyobiyam na taimaka wa e31,f da rage yoyo, manganis kuma na rage asara, yana taimaka wa shimfiɗa ta riƙe alƙiblar cajinta. A ganina takardun tallan ruwan nan sun gaza a wannan gefen: suna fito da e31,f ko ɗan'uwansa d31 da manyan baƙaƙe, mai tatsar wuta kuma sai ya yi nasa rabawar.

Wani ɗan lissafi da ake mantawa: nauyin lantarki (turjiyar da ake aunawa da om) da ya fi dacewa a jona wa na'urar yana bin girman ma'ajiyar cajinta da saurin jijjiga. Murabba'in milimita 10 na shimfiɗar da aka ambata a haz 100 yana neman kimanin kilo'om 15. Wanda ya auna da mega'om ɗaya zai ce kayan ba su da kyau, alhali awon ne ya kauce.

Bayan gashi

Wayar sama filatinam ce, nanomita 100. Ɗora ta na raunata fuskar shimfiɗar, don haka a sake ɗan gasawa a digiri 500 zuwa 600 cikin oksijin kafin a auna komai. Shimfiɗa mai lafiya tana nuna asarar wuta, wadda ake rubutawa tan δ, ta kashi 2 zuwa 4 cikin 100, ragowar caji 20 zuwa 30 µC/cm², filin juyawa kuma, wato ƙarfin wutar da ke juya alƙiblar cajin, kusa da 50 kV/cm.

Sai jera yankunan caji su fuskanci gefe ɗaya. Ana ɗumama faifan zuwa digiri 150, a sa filin wuta ninki uku na filin juyawa, wato kimanin bolt 15 ga maikiron ɗaya, na minti 15 zuwa 20, a bar wutar a kunne har ya huce. Wannan ya fi muhimmanci ga matatsa fiye da kowace na'ura, domin ita babu wata wutar waje da ke riƙe da jerin lokacin aiki. A gwada ɓangarorin biyu, sama da ƙasa, saboda shimfiɗa kan zo da gefen da ta fi karkata, jerawa ta wannan gefen ta fi daɗewa. Zafin haɗa na'ura a kan allo, wanda ke kai digiri 250, yana sassauta jerin duk da cewa PZT 52/48 ba ya rasa halinsa gaba ɗaya sai wajen digiri 380. A bar ƙafafun da za a iya sake jerawa ta kansu bayan haɗawa.

Wajen yanka, haɗin asid na HF da HCl na cin PZT da sauri, amma yana barin farin saura na PbClF da sai an tsoma a asid na naitirik mai ruwa kafin ya fita, yana kuma ci ta ƙarƙashin abin rufi fiye da kaurin shimfiɗar. A bar rata a zane. Haidirojin kuma dafi ne: duk wani mataki na baya da ke sakinsa, kamar ɗora rufin silikon naitirayid da iskar silen, filatinam na farfasa shi ya shiga PZT ya kashe halinsa. Siririn rufin alumina kafin matakin na tare shi.

Awon ƙarfi a yi shi ta lanƙwasa faifai ko sanda a auna cajin da ya fito, shi ne ke ba da e31,f kai tsaye. Awon d33, wato yadda kaurin shimfiɗa ke sauyawa idan an sa wuta, da hasken leza ɗaya daga sama na ba da lamba mai daɗin ji wadda wani kasonta lanƙwasar faifan ce. Na leza biyu, sama da ƙasa, shi ne abin dogaro.

Sauran aibobin da ido ke gani suna da saukin karantawa. Zane mai wutsiya kamar tauraruwa ƙura ce ko ɗan dunƙulen ruwa. Layuka daga tsakiya zuwa baki na nuna ruwan narkarwa ya ƙafe da gaggawa lokacin juyi, rufe murfin injin juyin na rage su. Tudun da ke taruwa a bakin faifai a goge shi kafin farantin zafi, don daga nan tsagewa ke farawa ta shigo ciki, ɓarɓashinta kuma ya faɗo kan shafi na gaba.

Dalmar da ke zubewa

Shimfiɗa mai maikiron ɗaya a kan faifan milimita 100 nauyinta bai fi miligiram 60 da 'yan kai ba. Shafi 14 a mililita 2 kowanne na ɗauke da kimanin giram 4 na PZT. Fiye da kashi 98 cikin 100 na abin da aka saya a jikin kwanon injin juyi yake ƙarewa, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa kuma dalma ce. A shimfiɗa wa kwanon abin da za a cire, a tara shi da safar hannu da matata a matsayin sharar dalma, aikin duka a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Tanderun RTA da ya gasa PZT ya riga ya sha dalma, ba a mayar da shi aikin silikon mai tsafta. Dokar RoHS ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2006, ta taƙaita dalma a kayan lantarki, yumɓu irin PZT kuma da rangwame na musamman yake tafiya, wanda ake sake dubawa lokaci zuwa lokaci. Mai shirin kai na'ura kasuwa ya san da wannan tun daga zane.

Ruwan KNN marar dalma, haɗin fotasiyam da sodiyam da niyobiyam, yana nan, amma ya fi wuyar sha'ani: sodiyam da fotasiyam na tashi a wuta, suna jan laima, shimfiɗar na yawan yoyo sai an sa manganis.

Wa ya dace da shi

Ɗakin bincike mai injin juyi, farantin zafi biyu masu gaskiya, tanderun RTA da hanyar samun filatinam mai kyau zai iya fitar da shimfiɗar (100) mai inganci da wannan ruwa ba tare da sayen injin fesa ƙarfe a cikin ɗaki marar iska ba, kuma sauya haɗi bai wuce sauya kwalba ba. Ga kauri har maikiron biyu yana da wuya a sami hanya mafi sauƙin farawa. Wanda ke buƙatar maikiron huɗu ko biyar, ko faifai masu yawa a mako, ko aikin da ba zai jure digiri 650 ba, ya duba fesawa ko harbin leza, ko AlN mai ɗigon sikandiyam idan turin wuta ya fi damunsa.

Kowace sabuwar kwalba a fara ta da faifan shaida daga rukunin filatinam ɗin da aka riga aka sani: shafin iri, shafi huɗu, gashi ɗaya, a auna kauri, a duba XRD da madubin ilektiron, a ɗora ɗigon wayoyi ashirin a ƙirga nawa suka haɗe. Idan kaurin shafi ya kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 daga na kwalbar da ta gabata, a gyara gudun juyi a kan faifan shaida na biyu kafin a taɓa faifan na'ura.